Sabon batir yana mutuwa a Peugeot 504: laifin altaneta ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Garwa, kuma ina da Peugeot 504 ƙirar 1978 wadda na gada daga mahaifina, Allah ya jiƙansa. Wata biyu ke nan da na sa mata sabon batir, amma idan ta kwana biyu ba a tashe ta ba, sai an tura. Da dare kuma jar fitilar caji tana ɗan haske kaɗan ko da injin yana aiki. Wani makanike ya cire kan batir alhali injin yana aiki, motar ba ta mutu ba, ya ce altaneta lafiyarta lau. Wani kuma ya ce in sayi sabuwa kawai. Wa zan bi a cikinsu?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya jiƙan mahaifi, ya sa Aljanna ce makomarsa. Shawarata ita ce kada ka bi ko ɗaya daga cikinsu tukuna, domin babu wanda ya auna komai a cikin su biyun, kuma ba a yanke wa altaneta, wato na'urar da ke cajin batir, hukunci sai mitar auna wuta ta yi magana.

Bari in fara da cire kan batir, domin shi ne abin da ya fi damuna a wasiƙarka. Wannan gwaji an gaje shi ne daga zamanin dinamo, tsohuwar na'urar caji, kuma bai dace da altaneta ba. Batir shi ne yake shanye duk wata wuta da ta yi tsalle a cikin mota, saboda haka idan aka raba shi da injin da ke aiki, wutar tana iya haurawa nesa da volt 14 cikin ƙiftawar ido, ta ƙone diyod ko rediyo ko regileta, wadda ke daidaita ƙarfin caji. Bayan haɗarin kuma, gwajin ba ya nuna abin da ake zaton yana nunawa. Injin fetur irin na 504 ba ya buƙatar fiye da amfiya 3 zuwa 5 domin kwayil ya ci gaba da ba fulogi wuta, alhali altanetar irin waɗannan motoci an yi ta ne ta ba da amfiya 35 zuwa 55. Altanetar da ta rasa rabin ƙarfinta za ta riƙe injin bai mutu ba, amma ba za ta iya cika batir ba idan an kunna fitilu. Don Allah kada ka ƙara yarda a yi wa motarka wannan.

Alamomi biyun da ka ambata, wato fitilar da ke ɗan haske da batir ɗin da ke zubewa yana ajiye, idan suka haɗu sukan sa in zargi diyod. Altaneta wuta mai kai da komo take haifarwa, wadda ake rubutawa AC, batir kuwa ba ya karɓar komai sai mai tafiya hanya ɗaya, wato DC. Diyod su ne ƙofofin da ke barin wuta ta fita zuwa batir su hana ta dawowa, kuma a yawancin altaneta manya guda 6 ne. Idan ɗaya ta ƙone ta tsaya a buɗe, caji yana raguwa, sannan idan an kashe mota wutar batir tana bin wannan ƙofa tana tsiyaya cikin naɗin waya har gari ya waye. Wannan zato ne kawai daga nesa, kuma akwai abubuwa masu araha da ya kamata a kawar kafin a kai gare shi.

Na farko bel. A kashe injin, a danna bel da babban yatsa a tsakiyar tazarar da ta fi tsawo. Bai kamata ya lotsa fiye da santimita 1 ba. A kama fankar altaneta a gwada juya ta da hannu, idan fuli ya zame a ƙarƙashin bel, to ya saki. A duba gefensa kuma, domin bel ɗin da ya daɗe yana zamewa gefensa yakan yi sheƙi kamar an goge shi da mai, kuma za ka ga baƙin garin roba ya taru a fuskar altaneta. Irin wannan ko an ɗaure shi ba zai riƙe ba, canji yake so. Kada kuma a ɗaure shi tamau, domin hakan yana cinye boris na altaneta da na famfon ruwa.

Sai kan batir da wayoyi. Zafin Garwa da Marwa a watannin Maris da Afrilu, lokacin da yake wuce digiri 40, yana ƙafar da ruwan batir da sauri, tururin asid kuma ya bar farin gari ko kore a kan sanduna. A cire, a kankare har ƙarfe ya yi haske, a mayar a ɗaure. A buɗe murafun batir idan mai buɗuwa ne, a ga ko ruwa ya rufe farantan ciki, in bai rufe ba a ƙara ruwan batir tatacce, ban da na rijiya ko na famfo. Wayar mas, wadda ta haɗa batir da injin da jikin mota, ita ce aka fi mantawa da ita, kuma a motar da ta haura shekara 40 sau da yawa za ka tarar rabin silinta ya tsinke, sauran kuma tsatsa da ƙurar hunturu sun rufe.

Daga nan sai mita. A sa ta a kan DC, da safe kafin a tayar da mota, a auna tsakanin sandunan batir biyu. Cikakken batir yana nuna volt 12.6, wanda ya nuna 12.2 ya kai kusan rabi, wanda ya gaza 12 kuwa ya zube, kuma dole a kai shi caji ya cika kafin a ci gaba, domin awon da aka yi da mataccen batir yana ruɗarwa. A tayar da injin, a taka totur ya kai kamar juyi 2,000 a minti. Lafiyayyen caji yana tsakanin 13.8 da 14.4. A kunna manyan fitilu da fankar ciki a sake dubawa. Idan ya sauka ƙasa da 13 ya ci gaba da sauka, cajin bai isa ba. Idan kuma ya wuce 15, regileta ce ta saki linzami, kuma alamarta ita ce batir mai zafi, warin ruɓaɓɓen ƙwai, da ƙwan fitila da ke yawan ƙonewa.

Idan cajin ya gaza, a mayar da jan bakin mita kan babban kusoshin da ke bayan altaneta, inda kaurin waya ta fita. In a can ana samun 14 amma a batir 13 ake gani, altaneta ba ta da laifi, wutar a hanya take ɓacewa. A tabbatar da haka ta auna tsakanin wannan kusoshi da sandar batir mai alamar tarawa, fitilu a kunne: bambancin bai kamata ya kai rabin volt ba. Haka kuma tsakanin jikin altaneta da ɗaya sandar, inda ake so ya tsaya wajen 0.2. Na sha ganin an sauke lafiyayyar altaneta an sa wata, cuta kuma tana nan, saboda waya ɗaya da ta yi kore a cikin rigarta. Irin wannan ɓacewar wuta a mahaɗai, musamman a akwatin fiyus da bayan makulli, ita ma tana iya sa jar fitila ta riƙa ɗan haske, shi ya sa ban ce lallai diyod ba ce.

Gwajin diyod iri biyu ne, kuma duka ana yin su altaneta tana jikin mota. A juya mita zuwa AC, injin yana aiki, fitilu a kunne, a auna a bayan altaneta. Abin da ya wuce rabin volt yana nuna akwai ƙofar da ta lalace. Wasu ƙananan mitoci masu araha suna nuna lamba babba ta ƙarya a wannan gwaji, saboda haka na fi dogara da na biyu. A kashe komai, a zare makulli, a rufe ƙofofi, a cire wayar mas daga batir, a sa ƙaramin ƙwan fitila, irin na dashbod, tsakanin sandar da wayar. Motar da ba ta da kwamfuta kusan babu abin da take ci idan tana kashe, in ban da agogo da rediyo, don haka idan ƙwan ya kama sosai akwai mai shan wuta. Sai a raba ƙwan, a kwance babbar wayar bayan altaneta a naɗe bakinta kada ta taɓa ƙarfe, a sake sa ƙwan. Idan yanzu bai kama ba, an gano ɓarawon. Wani lokaci ma hannu kaɗai yana faɗa: ka buɗe bonet da asuba, injin ya yi sanyi ƙalau, ka taɓa altaneta ka ji ɗumi-ɗumi.

Akwai abin da ya shafi tsofaffin 504 musamman. Da yawansu sun zo da altanetar kamfanonin Faransa irin su Ducellier da Paris-Rhône, wadda regiletarta ƙaramin akwati ne dabam da aka ɗaure a jikin mota, waya ɗaya mai alamar EXC ta haɗa su. Waɗanda aka yi daga baya regileta tana manne a bayan altaneta. Tun da a da an daɗe ana harhaɗa 504 a Kaduna, kuma kayanta sun yi shekaru suna tsallako iyaka, sai an duba da ido kafin a san wace iri ce a motarka, domin mai yiwuwa an taɓa canza ta. Idan mai akwati dabam ce kuma babu caji ko kaɗan, a fara duba ko wuta tana isa akwatin idan an murɗa makulli, da ko jikinsa yana taɓa ƙarfe mai tsabta. Idan kuma mai regileta a ciki ce, a sani cewa a yawancinsu ta cikin ƙwan jar fitilar nan wutar farko take bi ta tayar da maganaɗisu, saboda haka ƙonewar ƙwan kaɗai tana iya hana caji.

In har an kai ga sauke ta, ba sai an jefar ba. Mai gyaran wutar mota zai duba buroshi biyu, waɗanda a garejojinmu ake kira sharbon. Idan sun gaza milimita 5 a canza su, a goge zoben tagulla da suke gogawa. Naɗin da ke juyawa ya kamata ya nuna kamar om 3 zuwa 5, boris mai ƙara a canza shi, farantin diyod kuma ana sauya shi shi kaɗai. Ni dai na fi son a gyara ta asali matuƙar naɗin wayarta bai yi baƙi yana warin ƙuna ba, domin an yi ta ne a buɗe a gyara, kuma mazauninta da fulinta sun dace da injin ba tare da an yi dabara ba.

Idan ta tabbata diyod ce, a nemi abin da ya kashe ta, in ba haka ba sabuwar ma za ta bi sahu. Abubuwan da suka fi jawo haka su ne cire kan batir injin yana aiki, juya wayoyi lokacin da ake jona batir da na wata mota, da yin walda a jikin mota ba a cire batir da wayoyin altaneta ba. A lissafa kaya kuma: ƙwan fitila biyu masu wat 100, irin waɗanda masu bin hanyar Garwa zuwa Marwa da dare suke so, suna cin kusan amfiya 15, alhali na wat 55 ba su wuce 9 ba, kuma ƙaramar altaneta da ke aiki iya ƙarfinta cikin zafi ba ta daɗewa. Kafin a yi gyaran, Alhaji, ka riƙa cire wayar mas duk daren da za ka ajiye motar, domin batir ɗin mota idan ya zube ƙasa sau da yawa ba ya komawa yadda yake, kuma naka wata biyu kawai ya yi. Idan ka samu lambobin nan uku, na safe da na injin yana aiki da na fitilu a kunne, ka aiko mini da su tare da sunan da ke rubuce a jikin altanetar.