Tseren babur a daji: dokar kulob ce ke zaɓar maka abin saye

Tambaya: Malam, na yi rajista da wani kulob na masu sha'awar tseren babur a kan turɓaya da cikin daji, kuma ina so in fara shiga gasa. Abokaina suna cewa in sayi mai cc 450 (cc ma'aunin girman inji ne) tun yanzu don kada in sake saye nan gaba, ni kuwa hankalina ya fi kwanciya da mai cc 250. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Ɗan'uwa, kafin ka miƙa wa kowa kuɗi, ka karɓi kundin dokokin kulob ɗin da jadawalin gasanninsa, domin irin tseren da suke yi shi ne zai nuna maka babur ɗin da ya dace. Idan motokuros suke yi, to fili ne zagayayye mai tudu da wuraren tsalle, ana jera mahaya a bayan ƙofar ƙarfe, ta faɗi su tashi gaba ɗaya. A gasar duniya ana yin minti 30 da ƙarin zagaye biyu, amma kulob na rage wa 'yan koyo lokacin sosai, kuma yawanci sau biyu ake karawa a rana, a haɗa sakamakon. A tsarin da FIM, hukumar wasannin babur ta duniya, ke bi, na ɗaya yana samun maki 25, na biyu 22, na uku 20, in kuma aka yi kunnen doki, wanda ya fi a karawa ta biyu shi ke gaba. Idan kuwa enduro ne, agogo ne abokin hamayyarka: kuna tashi 'yan kaɗan a kowane minti, kowa da katin lokacinsa, ana hukunta wanda ya makara a wurin bincike, sannan a auna gudunka a wasu zaɓaɓɓun sassa na hanya. Akwai kuma tseren juriya na cikin daji da kan ɗauki awa biyu ko uku ba tsayawa.

Baburan waɗannan gasanni sun yi kama a ido, amma ba ɗaya ba ne. Na motokuros yana da ƙaramin tanki, da shoka mai tauri saboda dira daga tsalle, da tayar baya mai inci 19. Na enduro yana da tanki mafi girma, da shoka mai taushi, da giya mai tazara, da tayar baya mai inci 18, wadda ta fi jure wa duwatsu da saiwoyi. Shi ya sa kamfani guda ke fitar da iri biyu, kamar YZ250F da WR250F na Yamaha, ko jerin SX da EXC na KTM.

Game da girman injin, ban goyi bayan abokanka ba. Mai cc 450 yana da ƙarfin da ke gajiyar da hannu da kafaɗa cikin 'yan mintoci, kuma wanda ya gaji shi ne ke murɗa totur a inda bai kamata ba. Sabon mahayi ya fi saurin koyo, sau da yawa ma ya fi saurin kammala zagaye, a kan mai cc 250 mai bugu huɗu, wato injin da fistinsa ke motsi sau huɗu a kowace ƙonewar mai guda. Ka kuma duba yadda kulob ɗin ke raba azuzuwa, don wasu suna haɗa mai bugu biyu na cc 250, wanda ake gauraya masa man 2T da fetur, da masu bugu huɗu na cc 250, wasu kuwa suna tura shi ajin 450. Idan na hannu za ka saya, awowin da injin ya yi aiki sun fi shekarar ƙira muhimmanci, sai ka tambayi yaushe aka canza fistin.

Tambaya: Ina da hular kwano da nake hawa da ita a titi. Za a yarda in yi gasa da ita?

Amsa: Ya dogara da tambarin da ke jikinta. Masu duba kaya suna neman shaidar inganci irin su ECE 22.06 na Turai ko Snell na Amurka, kuma kundin kulob ɗin zai faɗi waɗanda yake karɓa. Ko ta samu shiga, hular titi mai gilashi tana da zafi kuma tana tara turiri, don haka gara ta daji mai dogon haɓa, tare da tabarau na musamman. Kada ka sayi hula ta hannu, saboda kumfar da ke cikinta tana iya murƙushewa a faɗuwa ɗaya ba tare da an ga alama a waje ba. Bayan hula, dogon takalmin tsere shi ne na biyu, sai kariyar ƙirji da baya da gwiwa. Riga mai ado tana iya jira.

Tambaya daga wata uwa: Ɗana zai yi gasarsa ta farko. Me ke sa a hana yaro shiga fili, ko a soke sakamakonsa?

Amsa: 'Yar'uwa, yawancin abin da ke hana shiga ƙananan abubuwa ne da ake gyarawa a gida. Ana duba ko totur na komawa da kansa in an sake shi, ko maɓallin kashe injin na aiki, ko ƙarshen hannun birki da na kuloci yana da ɗan dunƙule, ko matakin ƙafa na lanƙwashewa, ko kuma salansar babur ta wuce ƙarar da aka ƙayyade, abin da kulob ba ya wasa da shi domin ƙorafin maƙwabta yana rufe filaye. A motokuros ana cire jak ɗin gefe. Ajin yara kuwa shekaru da girman injin ne ke tsara shi, galibi cc 50, 65 da 85, sai ki tafi da shaidar haihuwarsa da lasisinsa, ki kuma kasance a wurin don sa hannu.

A cikin fili, ƙin bin tutoci ne ke sa a soke sakamako. Rawaya tana nufin haɗari a gaba, ba wuce wani, ba tsalle. Shuɗiya tana gaya masa cewa na gaba sun zagayo shi, ya riƙe layinsa ya bar su su wuce. Ja ta tsayar da tseren, baƙa kuma tare da lambarsa tana nufin ya fita. In ya kauce daga hanya, ya dawo a wuri mafi kusa da inda ya fita ba tare da ya ci ribar yanke ba, ke kuma ki sani cewa taimaka masa a wajen wurin gyara da aka keɓe laifi ne a yawancin kulob, sai dai a ajin ƙanana inda dokar ta ba da dama a sarari.