Idan Jagoran Tawaga Ya Faɗi, Me Ya Rage wa Makaniki?

Ɗana, ka tambaye ni abin da makaniki zai yi a tseren keke na kwanaki da yawa idan rana ta ɓaci wa tawagarsa, musamman idan mahayin da aka ɗora wa buri ya faɗi ya kasa ci gaba. A irin wannan rana aikinka ninkuwa yake yi, domin sauran mahaya suna kan hanya, kuma gobe ma akwai tsere.

Dubi abin da ya sami tawagar Sky a gasar tseren keke ta Tour de France ta 2014, a zango na biyar, wanda ya tashi daga Ypres ta Beljiyam ya ƙare a Arenberg da ke arewacin Faransa. An tsara a bi ta wurare tara masu daɓen duwatsu, sai ruwan sama ya sa aka soke biyu. Chris Froome, jagoran tawagar, wanda ya lashe gasar a 2013, ya kwana da ciwo a wuyan hannu saboda faɗuwar da ya yi a zango na huɗu, sannan ya sake faɗuwa har sau biyu a kan kwalta mai santsi, ya janye daga gasar ya shiga motar tawaga tun ba a kai ga duwatsun ba. Nan take jagoranci ya koma hannun Richie Porte, abokin tawagarsa Geraint Thomas ya shige masa gaba yana tare masa iska, yayin da Lars Boom na wata tawaga ya ci zangon, Vincenzo Nibali da ke kan gaba a gasar kuma ya ƙara wa abokan hamayyarsa rata.

To, makanikin da ke kujerar baya ta hannun dama, da wili a kan cinyarsa, ba shi da lokacin jimami. Kekunan canji da ke saman mota an jera su ne bisa matsayi, na jagora yana gefen waje inda hannu zai fi saurin kai masa, saboda haka da zarar jagora ya canja, dole ka san ta inda za ka sauko da keken sabon jagoran ba tare da ka tsaya laluba ba. Ka kuma riƙe tsayin sirdin kowane mahayi a kanka, domin idan motarku ta maƙale a baya a hanya mai ƙunci, abokin da ya kusa kai jagora tsawo shi ne zai miƙa masa nasa keken. Wannan ne ma dalilin da ya sa ake tsayar da mutane riƙe da wili a bakin wuraren duwatsu tun kafin mahaya su iso.

Batun iskar taya kuwa, tun da safe ake yanke shi. A kan duwatsu masu laima ana sa taya mai ɗan fāɗi a rage mata iska don ta kama ƙasa, amma idan ka rage fiye da kima, dutse zai matse ta da bakin wili ta yi faci. Ni na fi son a tambayi kowane mahayi a kuma duba nauyinsa, maimakon a yi wa kowa awo ɗaya.

Da dare, bayan ka wanke laka daga sarƙa da giya da burki, ka ware duk keken da ya taɓa ƙasa ka duba shi a ƙarƙashin fitila mai ƙarfi. Firam na kabon yakan tsage ta ciki alhali fentinsa lafiya lau, don haka ka bi shi da yatsa, ka ƙwanƙwasa shi a hankali kana sauraren inda sauti ya canja. Idan kana shakkar kan keken ko sandar sirdi, ka cire ka sa sabo, ko da mahayin ya rantse maka cewa faɗuwar ba ta yi tsanani ba, sannan ka sake jera kekunan saman mota kafin ka kwanta.