Hannun mutum-mutumina yana sakin kaya, ko famfon ne ya yi ƙarami?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na haɗa hannun mutum-mutumi da Arduino, ƙaramin allon lantarkin nan da ake sarrafa na'ura da shi, na sa masa ƙaramin famfon zuƙe iska mai volt 12 da robar tsotsa mai faɗin milimita 15. Tayil mai giram 800 nake so ya riƙa ɗauka, amma da ya juya sai ya sake shi, har biyu sun fashe. Kwali kuwa ko ɗagawa ba ya yi. An ce in nemo kwamfiresan tsohon firji. In saya?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kada ka saya, ɗan'uwa. A batun tayil, laifin na roba ne, famfonka lafiyarsa lau.

Wannan magana ta "ƙara girman famfo" ta ishe ni, kusan kullum sai na ji ta. Famfo ba ya jan kaya. Aikinsa kawai ya kwashe iskar da ke cikin roba, sai iskar waje ta danne tayil ɗin a bakinta. Iskar waje kuma tana da iyaka: kimanin kilofaskal 101 (ma'aunin matsin iska ke nan), wato kusan kilo ɗaya a kan kowane murabba'in santimita. Ko famfon masana'anta ka ɗauko, ba zai wuce nan ba.

To yi lissafi da kanka. Robarka ba ta kai murabba'in santimita biyu ba, 1.8 ce. Idan famfonka yana zuƙa zuwa kilofaskal 60, ƙarfin riƙon kilo ɗaya ne da ɗan ɗoriya. Shi ya sa tayil yake tsayawa idan hannun ba ya motsi, da an motsa sai ƙasa. Da za a kwashe iskar kakaf, kilo 1.8 za ka samu, shi ke nan. Amma sa roba mai milimita 30 a kan famfon nan naka, sai ka ga riƙon ya haura kilo huɗu, domin ninka faɗi sau biyu yana ninka ƙarfi sau huɗu. Masu bidiyon da ke nuna kwamfiresan firji yana ɗaga gilashi ba sa faɗa maka wannan, ba sa kuma nuna maka ranar da gilashin ya sauka a kan ƙafa. Kwamfiresan nan da wutar gida yake aiki, yana fesar da mai ta bakin fitar iska, ga iskar gas ɗin da ake saki in an yanke bututunsa. Duk don ƙarin ƙarfin da roba mai kimanin faɗin murfin kwalba za ta ba ka ninkinsa!

Ka'idar da masu sana'ar ke bi ita ce riƙo ya ninka nauyin kaya sau biyu idan ana ɗagawa daga sama, sau huɗu idan kayan zai tsaya a tsaye, tunda a nan santsi ne ke kayar da shi.

Kwali daban ne. Iska tana ratsa shi, don haka yawan iskar da famfo ke ja a minti ɗaya, wato lita nawa, shi za ka duba a takardarsa. Nemi roba mai laushi ta silikon, mai lanƙwasa hawa-hawa, ka rage tsawon tiyo. Idan kayan yana da maiƙo, ta naitiril ta fi.

Sai abin da ba ka tambaya ba. Kada ka jona famfo kai tsaye da ƙafar Arduino: miliamfa 20 aka so a ja daga gare ta, famfo kuwa ɗaruruwa yake ci. Sa MOSFET a tsakani, wato makunnin lantarki da Arduino zai riƙa kunnawa, da diyod (mai barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai) a kan injin famfon, ka ba famfon wutarsa daban. Ka kuma sa bawul ɗin solenoid mai hanya uku kusa da roba, wato bawul mai buɗewa da wutar lantarki ya shigar da iska cikin robar, in ba haka ba za ka kashe famfo kayan ya ƙi sauka sai lokacin da ya ga dama. Kafin ka koma kan tayil, gwada da katako mai sumul mai nauyi ɗaya, ka zare wutar da gangan yana sama, ka ƙirga daƙiƙa nawa yake yi kafin ya faɗo.