An yi wa hamsta tiyata: me za a saya, me za a janye daga kejinta?

Wata mai karatu daga Abuja ta rubuto game da hamsta, wato ƙaramar dabba mai kama da ɓera da ake kiwo a keji: "An cire wa hamstar 'yata mahaifa saboda ta tara mugunya. Mai shagon dabbobi ya ce in sayi sabon keji mai bene da auduga mai laushi don ta ji daɗin jinya. In saya?"

Malama, riƙe kuɗinki. Keji mai bene shi ne abu na farko da muke cewa a janye, domin hamsta ba ta san tana da ɗinki a ciki ba. Maganin barci na sakinta za ta fara hawa tana rataya, kuma faɗuwa ɗaya ta isa ta farke aikin. Abin da kike bukata babbar robar ajiye kaya ce mai santsin bango, wadda aka yanke tsakiyar murfinta aka sa ragar waya don iska. Ki cire wilin gudu, da bututun da take bi, da kwanon yashin wanka, na kwana 10 zuwa 14 ko har sai likita ya duba ya ce fata ta haɗe.

Ita kuwa audugar, kada ta shigo gidan ma. Zarenta yana nannaɗe yatsu ya tsayar da jini, yana manne wa ɗinki, in kuma ta haɗiye shi ba ya narkewa a hanji. Dusar katako ma a ajiye ta gefe, tana shiga ciwo. Ki sayi farin tishu marar ƙamshi, ki yayyaga shi da yawa. Ban da laushi, farinsa shi ne idonki: ɗigon jini, fitsari, kashi, duk za ki gan su da safe. Ki riƙa cire wanda ya jiƙe kullum, amma ki bar mata ɗan tsohon tishun sheƙarta in yana da tsabta, saboda da ƙamshi take gane gida. In an share komai, hankalinta yana tashi ta ƙi cin abinci. Ki sauko da gorar ruwa daidai bakinta yadda ba sai ta miƙe tsaye ba.

Wani uba daga Kaduna ya tambaya: "Likita ya rubuta magani biyu, na je kemis babu. Akwai ragowar Ampiclox na yara a gida. In ɗiga wa hamstar kafin in samo?"

A'a, Malam, ko ɗigo ɗaya. Wannan ne kuskuren da ya fi ɗaga mana hankali, domin da kyakkyawar niyya ake yin sa. Hanjin hamsta cike yake da ƙwayoyin halitta masu amfani da ke taya ta narkar da abinci. Magungunan dangin penicillin, wato ampicillin (wanda ke cikin Ampiclox) da amoxicillin, haka ma clindamycin, lincomycin da erythromycin, suna kashe waɗannan ƙwayoyi. Sai wata muguwar ƙwaya mai suna Clostridium difficile ta samu fili ta yaɗu tana zuba guba. Cikin 'yan kwanaki sai gudawa ta ɓarke, gindin dabbar ya jiƙe, kuma da wuya a ceto ta.

Abin da likitoci suka fi rubutawa shi ne enrofloxacin, wanda aka fi sani da Baytril, ko haɗin trimethoprim da sulfa, sai meloxicam don raɗaɗi. Waɗannan a asibitin dabbobi ko shagon maganin dabbobi ake nemansu. In ba a samu ba, ka koma wurin likitan ya auna maka na kwanakin a sirinji ko ƙaramar kwalba. Paracetamol da ibuprofen na gida ma kada ka gwada. Hamstar Siriya nauyinta yawanci giram 100 zuwa 150 ne, ƙananan nau'in kuwa giram 30 zuwa 50, saboda haka abin da kake gani ɗigo ne a wurinta kofi ne.

Ka sayi sirinji mai mil 1, ka cire allurar. Mai mil 5 ba zai auna ƙaramin adadin da ake ba ta daidai ba. Ka naɗe ta a ɗan tawul tana zaune a kan ƙafafunta, kada ka kwantar da ita rigingine. Sa bakin sirinjin ta gefe, bayan dogayen haƙoran gaba, inda akwai giɓi. Tura kaɗan, jira ka ga ta haɗiye. In ka karkata shi sosai zuwa gefe, maganin zai tafi jakar kumatu, inda take tara abinci, ta zubar da shi daga baya, ka ɗauka ta sha alhali ba ta sha ba. Kada a daina maganin raɗaɗi don an ga ba ta kuka. Dabbar da ake farauta ɓoye ciwo take yi. Alamarta ita ce zama a dunƙule, ido rabi a rufe, gashi a tsaitsaye.

Tambaya ta uku gajeriya ce: "Tun da muka dawo jiya bai taɓa abinci ba. Akwai abincin jinya da ake sayarwa?"

Akwai. Oxbow suna yin Critical Care na dabbobi masu cin tsiro da nama, akwai kuma Emeraid Omnivore, duka gari ne da ake damawa da ruwan ɗumi. In sun samu, madalla. In ba su samu ba, kada a zauna jira. Daka abincinta na kullum ya yi laushi, dama shi da ruwan ɗumi kamar koko mai ɗan kauri. Za a iya haɗawa da dafaffiyar kabewa da aka murje, ko ɗan dafaffen ƙwai, ko kunun gero zalla ba sukari, ba tsamiya, ba kanwa, ba kayan yaji. A fara miƙa mata a bakin cokali. In ta ƙi, sai sirinji: mil 0.1 a kowane turi, a tara mil 0.5 zuwa 1 a zama guda ga babbar hamsta, duk bayan awa biyu ko uku. Zuma da markaɗaɗɗiyar gyaɗa mai kauri suna liƙe wa a jakar kumatu su ruɓe, a guje su. Ƙananan nau'in Campbell suna da saurin kamuwa da ciwon sukari, kada a lallashe su da zaƙi.

Hamstar da ta kai awa 12 ba ci ba sha, a kira likita. Lafiyayya tana shan kamar mil 10 na ruwa a kowane giram 100 na nauyinta a rana. Ɗan ja fatar bayan wuyanta ka saki: in ta tsaya a tattare ba ta koma ba, ruwan jikinta ya yi ƙasa.

A cikin duk abin da za a saya, sikelin kicin mai nuna giram ɗaya-ɗaya ya fi daraja a wurinmu. A sa ta a kofi a auna ta lokaci guda kullum, a rubuta. Gashi yana rufe rama, ido ba zai gani ba. In ta zubar da kashi 10 cikin 100 na nauyinta, misali daga giram 120 zuwa 108, maganar ta koma asibiti.

Wata kuma ta ce: "In sayi abin ɗumama keji na lantarki? Ga zafin garinmu, ina tsoro."

Tsoronki yana kan hanya. A daren farko maganin barci yana hana jikinta riƙe zafi, kuma ƙaramin jiki saurin hucewa yake. Ana son wurin ya kai digiri 24 zuwa 26. A hunturu, gorar ruwan ɗumi da aka zura a safa ta wadatar, kuma ba ta damu da ɗauke wuta ba. Gwada ta a bayan hannunki, sannan ki jingina ta da gefe ɗaya na robar daga waje, don in zafi ya ishi hamstar ta matsa. Kada gorar ta shiga ciki, hamstar za ta tauna ta. A bazara kuwa matsalar juyewa take: da zarar ɗaki ya doshi digiri 30, hamsta ta shiga haɗari. Ki sa mata gutsuren tayil ko ƙaramar tukunyar ƙasa ta kwanta, ki jingina gorar ƙanƙara a naɗe da tsumma daga waje, kuma kada fanka ta buge ta kai-tsaye. Ƙaramin ma'aunin zafin ɗaki ya fi miki amfani da na'urar ɗumamawa. Ki kwashe jiƙaƙƙen abinci bayan awa biyu, saboda tururuwa na binsa har ta kai ga ciwon. Ba a fesa fiya-fiya ko kunna maganin sauro a ɗakin.

Ta ƙarshe: "Tana lasar wurin. In sa mata robar wuya irin ta kyanwa?"

Ba ma so, sai in likita ne ya sa da hannunsa. Da hannayenta take kai abinci baki, kuma tana cin wani ɓangare na kashinta don samun sinadarai, robar tana hana duka biyun. Shi ya sa likitoci ke ɓoye zaren a ƙarƙashin fata su rufe da gam ɗin tiyata. Lasa kaɗan ba komai. Ciza da jan zare yawanci raɗaɗi ne, a sake duba maganin ciwon. Kada a shafa Dettol, spirit ko man shafawa, lashewa za ta yi. In wurin ya ɓaci, a narkar da ƙaramin cokali na gishiri a rabin lita na tafasasshen ruwa da ya huce, a dangwala da ɗan tishu a hankali.

A duba ɗinkin sau biyu a rana, zai fi sauƙi a sa ta cikin kwano mai garai-garai a leƙa ta ƙasa. Ɗan ja a kwana biyun farko daidai ne. Kumburin da ke ƙaruwa, wari, mugunya, bakin ciwo a buɗe ko jinin da ke ɗiga sabo, duk na komawa asibiti ne a ranar. Baƙaƙen tabo biyu da ke kwiɓin hamstar Siriya, ɗaya a kowane gefe, ba ciwo ba ne, da su take shafa ƙamshinta a keji, a bar su yadda suke.