Kilo Uku a Satin Farko, Yanzu Sikeli Ya Ƙi Motsi

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Shekarata 38, 'ya'yana huɗu. Sati shida ke nan da na fara tsarin cin abincin da ake kira keto. Na bar shinkafa da burodi da taliya da duk wani abu mai zaƙi, na koma nama da ƙwai da kifi da ganye da mai. Ranar da na fara nauyina kilo 92 ne. A satin farko kilo uku suka zube, a na biyu kilo ɗaya. Daga nan abin ya ja baya: a sati huɗun da suka biyo, kilo ɗaya da rabi kacal na rage, wata rana ma sai in hau sikeli in ga ya ƙaru. Ƙawata ta ce ita kilo goma ta zubar a wata guda, wai man da nake ci ne ya yi kaɗan. Anti, in ƙara mai ne, ko jikina ne ba ya karɓa in haƙura?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma a sati huɗun nan da kike kuka da su na ga aikin ya fi kyau. Bari in fara da kilo ukun da suka faranta miki rai, domin su ne suka sa miki dogon buri.

Jikin mutum yana adana sukari a hanta da tsoka, masana na kiran ajiyar gilaikojin. A babban mutum takan kai giram 400 zuwa 500, kuma kowane giram ɗaya yana riƙe da ruwa kusan giram uku. Da kika yanke sitaci, wannan rumbun jiki ya fara buɗewa, yana cinye ajiyar ruwan yana fita ta fitsari. Sinadarin insulin, mai daidaita sukarin jini, kuma ya sauka a jininki, saukarsa tana sa ƙoda ta saki gishiri, ruwa ya bi gishirin. Ki tuna kwanakin farko: yawan zuwa fitsari, ƙishirwa, ciwon kai, kasala, wataƙila har ɗaurewar jijiyar ƙafa da dare. Mafi yawan kilo ukun nan ruwa ne, kuma rumbun ba a kwashe shi sau biyu. Duk ranar da kika ci shinkafa faranti guda, wani sashe na ruwan zai dawo, sikeli ya tashi, alhali ba kitse kika ƙara ba.

Lissafi ma ya nuna haka. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, kusan 7,700. Kilo uku ke nan kalori 23,100. Mace mai nauyinki tana ƙona wajen 2,000 zuwa 2,500 a rana. Ko da ba ki sa komai a baki ba har kwana bakwai, ba za ki ƙona 23,100 ba. Ki ɗora kilo goman ƙawarki a kan wannan ma'auni: kalori 77,000 a kwana 30. Ban ce ƙarya ta yi ba, sikelinta zai iya nuna haka, musamman idan ta fi ki jiki sosai, domin mai nauyi da yawa ya fi saurin zubarwa da farko. Amma a cikin goman akwai ruwa mai yawa, akwai ƙila tsoka, tsoka kuwa asararta ba riba ba ce. Zubewa da irin wannan gaggawa tana ƙara haɗarin tsakuwa a maɗaciya.

Yanzu ga naki. Kilo ɗaya da rabi a sati huɗu, bayan ruwa ya gama fita, yawancinsa kitse ne na gaske. Ki ɗauki gorar mai ta lita ɗaya da rabi ki riƙe a hannu, ki ji nauyinta a damtsenki. Abin da ya bar jikinki ya kai wannan, har ya ɗan ɗara. Hukumar lafiya ta Ingila da cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka duk shawararsu ita ce rabin kilo zuwa kilo ɗaya a sati, ke kuma kina dab da rabin kilo. Idan aka haɗa duka, kilo biyar da rabi kika rage daga 92, wato kusan kashi 6 cikin ɗari na nauyinki. Likitoci sun daɗe da sanin cewa rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari yana gyara sukarin jini da hawan jini. A wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 2002, mutanen da ke gab da kamuwa da ciwon sukari an sa musu burin rage kashi 7 cikin ɗari tare da motsa jiki na minti 150 a sati, sai haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin ɗari. Kashi bakwai a wajenki kilo shida da rabi ne. Saura ƙiris.

Batun ƙara mai kuwa, don Allah kada ki yi. Wannan shawarar tana yawo a bakin mutane, kuma ta mayar da da yawa baya. Giram ɗaya na mai kalori 9 ne, na sitaci 4, na furotin 4. Babban cokali ɗaya na mai ya kusa kalori 120. Yadda kike raguwa ya nuna abin da kike ci ya gaza abin da kike ƙonawa da kusan kalori 400 a rana. Cokali uku na ƙarin mai za su cike kusan duk wannan giɓin. Jiki yana fara ƙona man da aka ba shi a faranti kafin ya waiwayi wanda ya tara a ciki da cinya. Amfanin mai a wannan tsari shi ne ya riƙe miki ciki kada yunwa ta dame ki. Idan kina ƙoshi, ya isa haka.

Keto fa asalinsa magani ne. Wani likita, Russell Wilder, na asibitin Mayo a Amurka shi ya raɗa masa suna a 1921, don masu farfaɗiya, daga baya masu neman rage ƙiba suka ɗauka. Yana aiki, musamman ga wanda yake kashe masa kwaɗayi. Sai dai a 2018 jami'ar Stanford ta fitar da sakamakon gwajin da ta yi wa mutum 609 na tsawon shekara guda: rabi sun rage sitaci, rabi sun rage mai. Masu rage sitaci sun zubar da matsakaicin kilo 6, masu rage mai kilo 5.3. A shekara, ƙanwata, ba a wata ba. A cikin kowane rukuni akwai wanda ya zubar da kusan kilo 30, akwai wanda ya ƙara. Irin na farkon su ne kike ganin hotunansu a waya.

Sikelin da ke tashi da safe ni ma ya taɓa hana ni sukuni. Sai na ɗauki littafi na riƙa rubuta nauyina kullum har wata guda. Na ga ranar da na ci abu mai gishiri da dare nakan wayi gari da ƙarin kilo guda, gab da al'ada ma ya fi haka, bayan kwana uku ya koma. Tun daga nan nake ce wa mata su auna sau ɗaya a sati, rana guda, da safe bayan an yi fitsari, kafin karin kumallo. Ki samu tef irin na tela ki auna cikinki daidai cibiya duk sati biyu. Sau da yawa tef yana ja baya a lokacin da sikeli ya kafe.

Ki sa ran kilo ɗaya da rabi zuwa biyu a wata, da makonnin da ba abin da zai motsa, kuma wajen wata na shida abin zai ƙara yin sanyi, domin jikin da ya ragu buƙatarsa ta ragu. Ki yawaita ganye saboda taurin bayan gida, ki fifita kifi da man zaitun a kan kitsen nama da bota. Bayan wata uku ki je a gwada miki kolestarol, wato wani nau'in kitse da ke cikin jini, domin a wasu mutane yana hawa a wannan tsari. Ba ki faɗa mini ko kina shayarwa ba. Idan kina yi, ko kina da juna biyu, ki dakatar da keto har ki ga likita.

TAMBAYA: Hajiya, ni dattijo ne mai shekara 56, ina shan maganin ciwon sukari da na hawan jini. Zan iya fara keto in rage tumbi?

AMSA: Malam, kada ka fara sai likitanka ya sani. Idan kana allurar insulin ko kana shan ƙwayoyi irin su glibenclamide, yanke sitaci ba tare da an rage maganin ba zai iya faɗar da sukarinka har ka suma. Akwai kuma rukunin magunguna irin su empagliflozin da dapagliflozin, waɗanda haɗa su da keto kan jawo taruwar asid a jini ko da sukari bai hau ba, kuma wannan yana iya kisa. Maganin hawan jinin ma ƙila sai an taɓa shi, tunda ruwa da gishiri za su fita, jiri ya riƙa ɗibarka idan ka miƙe. Ka tattara kwalayen magungunanka gaba ɗaya ka kai masa, ka nemi a duba lafiyar ƙodarka, sannan ku tsara yadda za ka riƙa gwada sukari a gida a satin farko.