An gama alaimen sannan bakanike ya ce ƙafar mota ta mutu

Wa'alaikumus salam, Malam. In na fahimce ka, ka kai Corolla ɗinka ƙirar 2006 an yi mata alaimen a wajen Kwangila a Zariya, sai da aka gama aka karɓi kuɗi sannan bakaniken ya ce bushin lowa am (robar da ke jikin ƙarfen da ya haɗa taya da jikin mota ta ƙasa), bol-join (gaɓar da ta haɗa ƙarfen nan da inda taya take) da shok biyu na gaba duk sun mutu. Kana tambaya ko gaskiya ne, ko kuwa na cefane yake nema.

Abin da ya fara ɗaure kai shi ne lokacin da ya yi maganar. Alaimen saiti ne da ake yi a kan ƙarafa da robobin da ke riƙe da taya. In ɗayansu ya saki, saitin ba ya zama. Ramin farko da ka faɗa kafin ka kai Samaru ya isa ya maido da taya inda take. Mai aikin da ya san hannunsa kafin ya taɓa sufana yake girgiza tayoyi. To ko dai kayan sun mutu da gaske, kuɗin alaimen ya tafi a banza, ko kuma lafiyarsu ƙalau. Sai dai kada ka yi saurin kiransa macuci, sau da yawa yaron shago ne ke yin saitin, oga sai daga baya ya leƙa.

Ba sai ka yarda da bakinsa ko nawa ba. Koma ka ce ya ɗaga motar, ya sa mata waigi mai kyau, kada ka shiga ƙarƙashi tana kan jak kaɗai. Kama tayar da hannu ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, ka tura ka jawo. In ka ji ƙwas-ƙwas, bol-join ne ko boris, wanda taya ke juyawa a kansa. Rarrabe su ba wuya: wani ya shiga ya taka burki, ka sake girgizawa. In motsin ya ɓace boris ne, in yana nan ka dubi bol-join. Sai ka koma ka kama ta hagu da dama. Motsi a nan na tayarod ne, wato ƙarfen da ya haɗa sitiyari da taya, ka sa yatsa a kan gaɓar yayin da wani ke girgizawa, za ka ji ko na waje ne ko na ciki da ke cikin robar sitiyari. Wani bol-join ba ya nuna kansa da hannu, sai an zura ƙarfe tsakanin lowa am da inda taya take an ɗan banƙara. Ka kuma duba robar da ta rufe shi. In ta yage, giris ya fita, ƙasa ta shiga, to ko bai fara kaɗawa ba kwanansa ya kusa, musamman in ya haɗu da ƙurar hunturu da ruwan damina.

Bushi ne inda aka fi cin kuɗin mutane. Motar da ta kai waɗannan shekarun dole ka ga ƙananan tsage-tsage a fuskar robar, kamar kaushin diddige, wannan ba mutuwa ba ce. Wanda ya mutu shi ne wanda ya yage har ciki, ko ƙarfen tsakiya ya rabu da roba, in an sa ƙarfe an banƙara sai ka ga lowa am ɗin ya tafi bai dawo da ƙarfi ba. A tuƙi kuma alamarsa ita ce dum ɗaya daga ƙasa lokacin taka burki ko tashi, da sitiyari da ke yawo kana bin sa.

Shok kuwa, ɗan danshin mai da ƙura ta manne a jikinsa ba komai ba ne. Mai yana gangarowa har ƙasa shi ne magana. Danna gaban motar da ƙarfi ka saki: ta taso ta tsaya lafiya, in ta ci gaba da rawa ya gaji. Shafa tayar ma da tafin hannu, shok da ya mutu yana barin ta da tudu da kwari a kewaye. In za a canja, biyun gaba tare ake canjawa. Kuma kafin a ɗora wa shok laifin ƙara, a taɓa linkej ɗin sitabilaiza. Wannan ɗan siririn ƙarfen shi ne ya fi yawan kawo ƙarar kwaram-kwaram a hanyar lungu mai tsakuwa, ga shi da araha, kuma canja shi bai shafi alaimen ba.

Taya ba ta ƙarya. In gefen ciki ko na waje ya cinye, kuma ka shafa ka ji kaifi ta ɓangare ɗaya kamar haƙorin zarto, bakin tayoyin ne bai daidaita ba, wato gabansu ya karkata ciki ko waje. Kuskuren milimita 3 kacal yana sa a riƙa jan tayoyin a kaikaice kusan mita 5 a kowace kilomita. In tsakiya ce ta cinye iska ta yi yawa, in gefe biyu ne ta yi kaɗan. Adadin iskar yana rubuce a jikin ƙofar direba, mai faci ya bi shi da geji. In kuma ja take yi gefe guda, sauya tayoyin gaba, ta hagu ta koma dama. Jan ya canja gefe, laifin taya ne. A irin motarka bakin taya na gaba ta tayarod ake saita shi. In taya ta kwanta ciki ko waje sosai, ka zargi shok ko lowa am da rami ya lanƙwasa. Baya kuma ƙarfe ɗaya ne ya haɗa tayoyin biyu, babu wani noti na saiti a wurin.

In aljihu bai kai a yi duka ba, bol-join da tayarod ba sa jira, domin in suka cire taya ce ke kwantawa ko sitiyari ya rabu da ita, kuma Allah Ya kiyaye hakan ta faru kana gudu a hanyar Kano ko Kaduna. Masu tsofaffin Honda Accord sun fi kowa sanin wannan, bol-join ɗinsu na ƙasa nauyin motar yake ɗauke da shi. Bushi da shok za su iya jiran ƙarshen wata in ba su yi muni ba, sai dai suna cin taya a hankali.

Wajen sayen kaya ka je da kanka, da tsohon a hannu. Na Beljiyam mai kyau ya fi sabon jabu, amma ka murɗa kan bol-join ɗin: in yana juyawa sakwaf da yatsa biyu, an riga an ci moriyarsa. Kada ka yarda a bubbuge tsohon da guduma wai ya matse, ko a yanko bushi daga tsohuwar taya. A naka bol-join daban yake, kusoshi uku ne suka riƙe shi da lowa am, don haka ba dole ne a canja lowa am gaba ɗaya saboda shi ba. Sabon bushi da mashin ake danna shi. Kusar da ta ratsa shi kuma sai an sauke motar nauyinta ya hau tayoyi sannan a yi mata ɗaurin ƙarshe, in an ɗaure tana rataye robar tana zama a murɗe, ba ta daɗewa.

In har yanzu zuciyarka ba ta kwanta ba, kai ta wani gareji a Tudun Wada ko Sabon Gari, ka ce kawai a duba maka ƙafa, kada ka faɗi abin da na farko ya ce. Abin da bakinsu ya zo ɗaya a kai shi za ka fara saya. Ka karɓi tsofaffin kayan bayan aiki. Da zarar an taɓa lowa am, tayarod, bol-join ko shok, sai an sake alaimen, don haka tun kafin a kwance noti ɗaya ka yi magana da shi a kan wa zai biya na biyun, tunda shi ya yi na farko bai duba ba.