Yaran shagona na gyangyaɗi a wurin horo, in daina ne?

Wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari, Kano, ya aiko da wannan tambaya: "Ina da shaguna uku na atamfa da shadda, da yara goma sha ɗaya. Wata huɗu ke nan ina tara su duk Asabar bayan an tashi kasuwa, na ɗauko wani malami ina biyansa, yana yi musu bayani kan kula da kwastoma da riƙon amana. Rabinsu gyangyaɗi suke yi, rabi danna waya. Ran Litinin kuma a koma gidan jiya: a karɓi alat na bogi, a yanka yadi ba daidai ba, a manta rubuta bashi. Kuɗina nake zubarwa ko kuwa?"

Alhaji, a yadda kake yi yanzu, eh, zubar da su kake yi. Amma kafin mu ɗora wa yaran laifi, duba lokacin da ka zaɓa. Yaro ya wuni a tsaye yana sauko da kaya yana mayarwa, yana fama da mai saye da mai tayawa ya wuce, ga zafi ga hayaniyar Kwari. Magariba ta gabato, hankalinsa ya tafi kan tuwo da yadda zai samu adaidaita sahu, sai ka zaunar da shi awa biyu wani yana zuba. Ko kai aka yi wa haka sai ka yi gyangyaɗi. Ka mayar da abin safiya, kafin kasuwa ta cika, minti goma sha biyar zuwa ashirin, a cikin shagon, a tsaye, kaya a gabansu. In ka haɗa da shayi da burodi, ba ka yi asara ba.

Sai abin da ake koya musu. Riƙon amana da kyautata wa kwastoma wa'azi ne, kuma babu yaron da zai musa. Ya ji a gida, ya ji a makarantar allo, yana ji duk Juma'a. Kai kuwa da bakinka ka lissafa inda kuɗinka ke zurarewa: alat, almakashi da littafin bashi. Waɗannan ukun aikin hannu ne, da yi ake koyonsu. Ka ɗauki ɗaya kowane mako, kada ka haɗa biyu.

Akwai wani tsari da gwamnatin Amurka ta fito da shi a 1940, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da ƙwararrun ma'aikata suka tafi fagen daga aka cika masana'antu da sababbin hannu. Daga baya kamfanin Toyota na Japan ya ɗauka ya riƙe. Matakai huɗu ne: ka kwantar wa mai koyo da hankali ka gano abin da ya riga ya sani, ka yi aikin a gabansa a hankali kana faɗin dalilin kowane mataki, ka ba shi ya yi da hannunsa yana yi maka bayani, sannan ka riƙa leƙa shi a bakin aiki har ya zauna masa. Taken masu tsarin shi ne in ma'aikaci bai koya ba, to mai koyarwa ne bai koyar ba. In ka lura, haka tela ke koya wa yaronsa ɗinki tun tale-tale. Abin da malaminka ya yi shi ne ya tsaya a mataki na biyu, shi ma da baki kawai.

Bari mu ɗauki alat, don a nan na fi son ka daɗe. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, ciniki ya koma tiransifa, 'yan damfara kuma suka biyo baya. Doka ɗaya ce: kaya ba ya fita sai an ga kuɗin a cikin manhajar bankin shago, ko na'urar POS ta nuna cewa ya shiga. Saƙon tes ba hujja ba ne, hoton rasit a wayar mai saye ba hujja ba ne. Wannan kowane yaronka ya sani, ko yau ka tambaye shi zai faɗa maka. To me ya sa ake cutarsu? Kunya. Mutum ya shigo da babbar riga, ya girmi mahaifin yaron, ya nuna waya ya ce "ga shi ya fita, ina sauri", sai yaron ya ji nauyin ya ce masa a'a. Ka ga ashe ba ilimin banki ne ya rasa ba, bakin magana ya rasa.

Don haka ka mayar da safiyar wasan kwaikwayo. Yaro ɗaya ya zama Alhaji mai sauri, ya yi faɗa, ya ce an raina shi, ya ce ya san mai shagon. Ɗayan ya tsaya a bayan kanta ya koyi cewa: "Ranka ya daɗe, a yi haƙuri, bai shigo ba tukuna. Ga kujera, ga ruwa, da ya shigo zan kai maka kayan mota da kaina." Su maimaita, su yi musaya, kowa ya ɗana. Za a yi dariya sosai, ka bar su, mai dariya ba ya barci. Wani makon a kawo Hajiya mai wuyar ciniki wadda za ta sa a sauko da turmi ashirin ta ce babu wanda ya yi mata.

Sai dai fa akwai sharaɗi a kanka. Ranar da yaro ya riƙe kayan wani babban kwastoma, mutumin ya kira ka a waya, ka ce "ku ba shi kawai, na san shi", ka kuma balbale yaron da faɗa a gabansa, to ka rushe horon wata guda a minti ɗaya. Yara ba abin da ka faɗa ran Asabar suke bi ba, abin da ka yi ran Talata suke kallo. In za ka ɗaga wa wani ƙafa, ka ce yaron ya yi daidai, kai ne ka ɗauki nauyi, a rubuta a littafi da sunanka.

Maimaici kuma dole ne. Wani masani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya wallafa bincikensa a 1885 inda ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'in farko bayan koyo, kuma bita a kan tazara ce ke rage ta. Mai hadda ba ya buƙatar Bature ya gaya masa amfanin tilawa. Abin da aka koya Litinin, ka tambaya Laraba a tsaye cikin minti biyu, ka sake taɓawa bayan mako biyu.

Wa zai koyar? Yanka yadi da rubuta bashi, babban yaronka ya fi malamin waje iyawa. Ka ba shi aikin, ka ƙara masa wani abu a kai, ka ajiye na waje don abin da babu mai iyawa a cikinku, kamar shigar da lissafi a kwamfuta. Game da nawa za ka kashe, ga ma'auni: asusun horar da ma'aikata na ITF, wanda aka kafa a 1971, kashi 1 cikin 100 na albashin shekara yake karɓa daga kamfanonin da doka ta hau kansu. Ka lissafa abin da ka biya malamin cikin wata huɗu, ka gwada da kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin yaranka na shekara.

Kuma ka ba yaran dalilin da zai sa su damu. Duk yaron shago burinsa wata rana ubangidansa ya sallame shi da jari ko ya danƙa masa shago. Ka faɗa musu ƙarara cewa wanda ya riƙe littafi wata shida babu gyara, shi ne a sahun gaba.

Kafin ka fara, sayi ƙaramin littafi ka raba shafi uku: alat na bogi, yadin da aka ɓata, bashin da ba a rubuta ba. Ka tuno na watan da ya wuce ka rubuta adadi da kuɗinsu. Bayan mako huɗu ka sake ƙirgawa. Shafin da bai ragu ba, shi za ku koma wa a mako na biyar, kuma wannan karon ka tsaya ka ga yadda babban yaron naka yake koyarwa.